Rigimar Alvarinho a yankin Vinho Verde: ruwan sama, tsauni da farashin inabi

A watan Janairun 2015 manoman inabi daga can ƙuryar arewacin Fotugal suka yi ayari suka gangaro birnin Porto, suka tsaya a ƙofar ofishin hukumar da ke kula da harkar giyar yankinsu suna zanga-zanga. Abun da ya fito da su sunan wani farin inabi ne, Alvarinho, wanda shekara da shekaru doka ta ce a duk faɗin yankin Vinho Verde garuruwa biyu ne kaɗai, Monção da Melgaço, ke da ikon buga shi a jikin kwalba tare da hatimin yankin. Sai ga shi ana shirin buɗe ƙofa kowa ya shigo. Mutanen nan sun san abun da hakan ke nufi ga aljihunsu, dan kilon inabinsu yana cikin mafi tsada a ƙasar baki ɗaya, kuma galibinsu ƴan ƙananan gonaki ne gare su, ta wani ma ba ta kai hekta ɗaya ba.

Bari in faɗa tun yanzu, giya ba abun shana ba ce, kuma hukuncinta a wajen musulmi ba sai an ja dogon bayani ba. Noman ne ya riƙe ni a wannan lamari, yadda ruwan sama da iska da tsauni ke yanke wa manomi farashin amfaninsa tun kafin ya kai kasuwa, da yadda ƙaramin manomi ke kare wannan farashi in manya suka shigo. Kuma ba yadda za a yi ka gane rigimar sai ka fara gane ruwan.

Yankin Vinho Verde yana arewa maso yammacin Fotugal, ya taso daga kogin Minho da ya yi musu boda da Galisiya ta Sifaniya har ya ɗan tsallaka kogin Douro a kudu, wajen murabba'in kilomita 7,000 ke nan, kuma tun 1908 doka ta shata masa iyaka. In ka duba taswira za ka ga koguna a jere, Minho, Lima, Cávado, Ave, duk sun fito daga tsaunukan gabas sun miƙe yamma sun faɗa tekun Atlantika. To waɗannan kwaruruka su ne hanyar iska. Iskar teku mai ɗauke da laima tana shigowa ta cikinsu babu abun da ya tare ta, ta yi ta kutsawa har sai ta ci karo da tsaunuka irin su Peneda da Gerês, a nan ta haura ta huce ta juye ruwanta. Shi ya sa matsakaicin ruwan shekara a yankin yana kaiwa milimita 1,200, a saman tsaunukan kuwa ya ninka haka har da ɗoriya, suna cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Turai. Kuma ruwan nasu da sanyi yake zuwa, daga Oktoba ya yi ta zuba har watan Afrilu ko Mayu, Yuli da Agusta a ɗan samu sarari, sai Satumba ya kama daidai lokacin da inabi ke nuna kowa ya koma kallon sama, dan ruwa ɗaya mai ƙarfi a wannan lokacin ya isa ya fasa ƴaƴan ruɓa ta samu ƙofa.

Shi kuwa inabi ba ɗan ruwa ba ne. Rana yake so, kuma yana son in raɓa ta sauka ganyensa ya bushe da wuri, in ba haka ba fumfuna ta kama shi. Abun da ya ɗan taimake su ƙasar ce, galibi dutsen giranit ne da ya rududduge ya zama yashi-yashi, tana da tsami, ba ta da wani ƙarfi, amma tana tsane ruwa da sauri, wanda wannan kam rahama ce a wuri irin wannan.

Sai kuma maganar fili, wadda ni a wajena ita ce mafi daɗin ji a tarihin wurin. A ƙarni na 16 masara ta iso daga nahiyar Amurka, ta samu ruwa ta samu gindin zama, abinci ya wadata jama'a ta yawaita, gona ta yi ta rabuwa a hannun magada har ta koma ƴan filaye da aka kewaye da katangar dutse. Har yau in ka ga hotunan ƙauyuka irin su Soajo da Lindoso za ka ga rumbunan masara na dutse a tsaye kan ƙafafu dan kar ɓera ya hau. Mai ƴar gona haka ba zai ba inabi tsakiyarta ba, tsakiya ta abinci ce, sai ya tura inabin bakin iyaka ya ce masa ya nemi sama. Ana dasa shi a gindin bishiya a bar shi ya nannaɗe ya hau, su suna ce wa wannan enforcado, bishiyar kuma duk shekara a rage mata rassa dan kar ta rufe shi. Ranar girbi mutum zai jingina dogon tsani siriri na katako ya hau can ƙololuwa, kwando rataye da ƙugiya a gefensa, in ya cika ya zuro shi ƙasa da igiya wani ya juye ya mayar masa, haka daga bishiya zuwa bishiya, kuma faɗowa daga tsani ba baƙon abu ba ne a wannan lokacin. Ɗaya dabarar ita ce rumfa, wadda suke kira ramada ko latada, a kafa ginshiƙan giranit da aka tsaga da hannu a ɗora ƙarfe a ja waya, inabi ya bi sama ya rufe hanya ko tsakar gida ko gefen gona, a ƙarƙashi kuma kabeji da wake da dankali, kaman dai yadda manominmu ke sa wake a ƙarƙashin dawa dan kar taku ɗaya na ƙasa ya tafi a banza. Kuma ɗaga shi saman ya yi maganin abu biyu lokaci guda, ya bar fili ga abinci, sannan ya nisanta ƴaƴan daga danshin ƙasa iska na kaɗa su suna bushewa.

Duk da haka cuta ba ta bar su ba. Daga shekarun 1850 zuwa ƙarshen ƙarni na 19 annoba uku suka shigo gonakin inabin Turai daga Arewacin Amurka, farar fumfunar da ke yi wa ganye kaman an barbaɗa gari, da ƙwaron filoksera mai cin saiwa, da wata fumfunar ta biyu wadda ita laima ce abincinta, wato lardin Minho, inda wannan yanki yake, gidanta ne. Maganin ƙwaron shine a yi wa inabin Turai aure a kan gindin inabin Amurka mai jure shi, kuma har gobe haka ake yi. Fumfunar laima kuwa feshi ne, haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa wanda aka gano a Bordeaux ta Faransa, ruwa ne shuɗi, shi ya sa a tsofaffin gidajen yankin za ka ga bango da ginshiƙi sun rine shuɗi-shuɗi daidai inda rumfa ta jingina. Manomin wurin yana feshi fiye da na kudancin ƙasar nesa ba kusa ba, kuma kowane zagayen feshi kuɗi ne.

Amma tsarin sama ɗin nan yana da nasa kuɗin da ake biya. Inabin da ke can sama cikin inuwar ganye, ya ɗauki ƴaƴa fiye da ƙima, ga shi nesa da ɗumin ƙasa, ba ya nuna sosai. Sukari kaɗan, tsami da yawa. Giyar da ke fita daga ciki mai kaifi ce mara ƙarfi, ta sha a gida cikin shekarar da aka yi ta, kuma abun da mutane da yawa ba su sani ba shine har zuwa wajen shekarun 1980 mafi yawanta ja ce, ta inabin Vinhão mai duhu kaman tawada, a kwanon tangaran fari ake shan ta tana rina shi. Ɗan kumfar da aka san giyar yankin da shi ma asalinsa daga tsamin ne, ana ɗura ta a kwalba da wuri, sai bakteriya su ci gaba da aiki a ciki suna juya tsami mai kaifi zuwa mai laushi suna sakin iskar gas, ita kuma ba ta da hanyar fita. Yanzun manyan kamfanoni da kansu suke ɗura gas ɗin da inji. Wanda ya fara kai farar kasuwar duniya da gaske shine gidan Guedes masu kamfanin Aveleda a Penafiel, da samfurinsu Casal Garcia da suka fitar a 1939, kuma a kan wannan hanya sunan Vinho Verde ya zagaya, mai arha, mai sauƙi, ƙarfin barasarta tsakanin kashi 8 da 11.5. Kasuwa ta buɗe kam, yau ana kai ta ƙasashe sama da 100, Amurka da Jamus a gaba, sai dai duk wanda aka san shi da arha ya san wahalar ɗaga farashi daga baya.

Hukumar da na ambata a farko, CVRVV, tun 1926 aka kafa ta, kuma a 1959 ta fito da hatimin tabbaci da ake liƙa wa kowace kwalba. Babban sauyi dai ya zo ne bayan Fotugal ta shiga ƙungiyar tattalin arziƙin Turai a 1986. Kuɗin tallafi ya shigo na sake fasalin gonaki, kuma dama tun shekarun 1960 samari sun yi ta ficewa zuwa Faransa neman aiki, masu hawa tsani sun yi ƙaranci. Sai aka fara sauko da inabi daga bishiya, ana jera shi layi-layi a kan waya daidai tsayin mutum, a gangaren da ke kallon rana, da tazarar da tarakta za ta wuce. Rana ta samu ƴaƴan, sukari ya hau. A wajen matsa kuma tankokin ƙarfe masu na'urar sanyaya suka maye gurbin tsofaffin ganguna, ƙamshin farin inabi ya daina guduwa. Cikin shekaru kaɗan lissafi ya juye, yau fiye da kashi 80 na abun da yankin ke fitarwa fara ce.

A nan ne aka fara lura da abun da tsofaffi suka daɗe da sani, cewa yankin ba abu ɗaya ba ne. An raba shi gida 9, kuma kusan kowane kwari da inabin da ya karɓe shi. A kwarin Lima da Cávado, kusa da teku inda iska ke da sanyi da laima, Loureiro ne sarki, inabi mai ƙamshin fure da yawan ƴaƴa, kuma gonar Quinta do Ameal da ke nan ta nuna cewa in aka rage masa kaya yana iya ba da abu mai daraja, har babban kamfanin Esporão na kudancin ƙasar ya saye ta a 2019. In ka nausa ciki wajen Basto da Amarante inda teku ta yi nisa zafi ya ƙaru, sai Azal, mai jinkirin nuna, wanda in ka kai shi bakin teku tsaminsa ba zai taɓa sauka ba. A Baião, gangaren da ke kallon kogin Douro, Avesso ne, shi zafi da bushewa yake so. Trajadura na nuna da wuri kuma tsaminsa kaɗan ne, dan haka da shi ake sirka masu kaifi. Arinto, wanda a nan suke ce wa Pedernã, yana nan kusan ko'ina. Duk wannan rabo ba wani ofis ne ya zauna ya yi shi ba, manoma ne suka yi ta gwadawa tsara bayan tsara, abun da ya ruɓe a cire abun da ya tsaya a bar shi.

Yanzu mu dawo kan garuruwan nan biyu. Monção da Melgaço suna gaɓar kudu ta kogin Minho, in ka tsaya bakin ruwa ƙetaren da kake gani Sifaniya ce, Melgaço ma ita ce ƙaramar hukuma mafi arewa a duk Fotugal. Abun mamaki, duk da su ne can arewa, lokacin zafinsu ya fi na maƙwabtansu na bakin teku zafi da bushewa, dalili kuwa tsaunuka ne suka yi musu zobe, ta yamma da kudu na Fotugal, ta arewa na Galisiya, iskar teku kafin ta iso ta riga ta sauke wani kaso na kayanta a hanya. Hunturu akwai sanyi akwai ruwa sosai, wannan ba a musu, amma a watannin da inabi ke nuna rana na dukan gangaren da kyau, dare ya yi kuma sanyi ya gangaro daga tsauni. Zafin rana na tara sukari, sanyin dare na hana tsami zubewa, kuma haɗuwar biyun nan a inabi ɗaya ita ce abun da masu sana'ar ke nema ruwa a jallo.

Alvarinho kaman dan wannan wuri aka yi shi. In ka riƙe nononsa a hannu ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, ƴaƴan ƙanana masu kaurin fata da yawan ƙwallo, in ya nuna sai ya yi ruwan ɗorawa gefen da rana ke duka ya ɗan yi ja-ja. Kaurin fatar yana taimaka masa wajen jure laima, kuma a fatar ƙamshin yake, amma shi ne kuma ya sa in an matsa ruwan da ke fita kaɗan ne, kilo 100 na Alvarinho ba zai ba ka abun da kilo 100 na Loureiro zai bayar ba, gonar ma ba ta cika kwando kaman ta Loureiro. Dole ya yi tsada in dai manomi zai ci riba. Doka ma ta bambanta shi, Alvarinho na wannan yanki ƙarfinsa daga kashi 11.5 yake farawa, wato daga inda na gama-gari ya tsaya.

Wurin yana da tsohon suna a harkar, tun ƙarni na 16 da 17 ƴan kasuwar Ingila na sayen giyar Monção suna lodi a tashar jirgin ruwa ta Viana do Castelo, sai dai wancan ja ce. Darajar Alvarinho ta yanzu aikin mutane ne da za a iya ƙirgawa. A 1958 manoma 25 suka haɗu suka kafa ƙungiyar gama kai ta Adega de Monção, yau mambobinta sun haura 1,500, kuma wannan ƙungiya ita ce ƙashin bayan ƙaramin manomi a wurin, mai rabin hekta ba zai iya sayen injin matsa da tankin sanyi ba balle ya nemo kwastoma a Jamus, amma zai iya loda akwatunansa a bayan tarakta ya kai a auna a duba sukari a rubuta masa. A 1974 João António Cerdeira ya dasa gonar Alvarinho zalla ta farko a Melgaço, a lokacin da kowa ke ganin tsakiyar gona ta masara ce, a 1982 ya fito da samfurin Soalheiro. A 1976 Hermínia Paes, mai gidan sarautar nan na Palácio da Brejoeira a Monção, ta fitar da nata, wanda ya daɗe yana zama ma'auni. Sai Anselmo Mendes, ɗan Monção, da ya fara nasa a ƙarshen shekarun 1990 yana gwaje-gwaje, a bar ruwan ya jiƙa da fata, a sa a gangar katako, a ajiye shekaru a gani, har ya tabbatar wa masu saye cewa wannan inabi ba na sha-yanzu-magani-yanzu ba ne kawai. Sannu a hankali masara ta ja baya a gangaren, kuɗin makarantar yara da gyaran gida suka koma kan Alvarinho, har bukukuwa ake yi masa duk shekara a garuruwan biyu.

To riba ba ta ɓuya. Manoma da kamfanoni a sauran sassa 8 na yankin suka fara dasa Alvarinho su ma, kuma yana yi, ko da bai yi irin na can ba. Sai dai in sun zo sayarwa doka ta hana su haɗa sunan inabin da hatimin Vinho Verde, sai su sauka mataki na ƙasa su sayar a matsayin giyar lardin Minho kawai. Hujjarsu mai ƙarfi ce gaskiya. Suna cewa mutumin Alentejo can kudu yana dasa Alvarinho ya rubuta a kwalbarsa, na kusa da Lisbon ma haka, a ƙetaren kogi ƴan Galisiya sun cika duniya da shi da sunan Albariño daga yankinsu na Rías Baixas, ana noma shi a Kalifoniya da Yurugwai da New Zealand, to ta yaya mu da muke cikin yanki ɗaya muna biyan hukuma ɗaya za a ce mu kaɗai ne haramtattu. Su kuma mutanen Monção da Melgaço suna cewa mu muka yi wa sunan nan wahala lokacin da ba wanda ya san shi, gonakinmu a gangare suke da hannu muke tsinka, in kamfani mai hekta ɗaruruwa a shimfiɗaɗɗen fili ya shigo da inji ya zuba kaya a kasuwa da rabin farashi ƙarƙashin suna ɗaya da hatimi ɗaya, mai saye a kantin Amurka ina zai san bambanci, arha zai ɗauka, mu kuma kilonmu ya faɗi. Ƙaramar hukumar Melgaço ta tsaya kai da fata a bayan manomanta.

A ƙarshe dai a wannan watan na Janairun 2015, lokacin Manuel Pinheiro na shugabancin hukumar, aka sa hannu a yarjejeniya. Za a buɗe sunan ga duk yankin, amma ba nan take ba, an ba da wa'adin shekara 6 wanda ya cika a 2021, an ware kuɗi na tallata Monção da Melgaço, kuma an ba su hatiminsu na daban wanda ya fara fita a jikin kwalabe a 2017.

Ni dai a ganina buɗewar ba makawa ce, kuma ba zalunci ba ne. Irin shuka ba ya zama mallakin gari, reshe ne, kowa zai iya yanka ya kai gonarsa, kuma dokar da ta hana maƙwabci abun da ta halatta wa na nesa ba za ta daɗe a tsaye ba. Amma wallahi tsoron manoman nan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce son kai ne kawai bai taɓa zama ya jira a faɗi farashin kilo bayan ya gama kashe kuɗin feshin shekara ba. Inda matsalar take shine shekaru da dama an jingina darajar wurin a kan sunan inabi, alhali abun da ya sa inabin ya yi fice zoben tsaunukan nan ne da daren sanyi, wanda shi ba mai iya yankar reshensa. Mai saye ya haddace Alvarinho bai haddace Monção ba. Shi ya sa nake ganin shekaru 6 ɗin da hatimin sun fi komai muhimmanci a takardar, lokaci ne aka saya musu na koya wa kasuwa sunan garinsu, kuma in ka duba kwalaben manyan masu sana'ar wurin na yanzu za ka ga da yawa sun ɗaga sunan garuruwan sun sa shi gaba, wasu har sunan gona guda suke rubutawa. Wanda ya fi shiga haɗari shine mai sayar da ɗanyen inabi wanda ba shi da kwalba ba shi da suna, shi kam rayuwarsa na hannun ƙungiyar gama kai da kamfanonin da ke saye, in sun riƙe farashi ya tsaya in sun saki ya tafi.

Kuma yanayin da ya yi musu gata shi ma yana motsi. Shekaru irin 2017 da 2022 Fotugal ta sha zafi da fari da gobarar daji, girbin da aka saba yi cikin Satumba yanzun a shekarar zafi tun ƙarshen Agusta ake fara shi, dan in aka jira sukari zai haura tsami ya zube, kuma farin inabi in ya rasa tsami ya rasa abun da ake sayensa dominsa. Wato kwarin da ya fi maƙwabta dan ya fi su ɗumi yana iya wayar gari ɗumin ya yi masa yawa, su kuma na bakin teku da a da inabinsu ba ya nuna sosai su samu daidai. Masu hangen nesa sun fara haurawa, Soalheiro sun dasa gonar gwaji a Branda da Aveleira, tsohon mazaunin makiyaya na lokacin zafi a saman tsaunin Melgaço, sama da mita 1,000, wurin da a da ba wanda zai yi tunanin inabi zai nuna. A ɗaya gefen kuma a 2021 hukumomin Faransa suka amince a dasa Alvarinho kaɗan a Bordeaux cikin sababbin irin da suke gwadawa saboda ɗumamar yanayi, wato masu gasa ƙaruwa suke.

Akwai kuma wata cuta da ta shigo Minho a tsakiyar shekarun 2000, flavescence dorée, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke ɗauka daga kuranga zuwa kuranga, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya nonon ya bushe, kuma ba ta da magani sai a tumɓuke itacen a yi wa ƙwaron feshi. A wurin da gonaki ke manne da juna kaman na nan wannan babbar matsala ce, dan manoman da yawa sun tsufa, ƴaƴansu suna Porto ko Faransa ko Suwizalan, kuma gonar da aka bari ba mai kula ita ce maɓoyar ƙwaron. Kai ka yi feshinka a kan lokaci ka tumɓuke abun da ya kamu, ta bayan katangarka rumfar wani ce da rabon da a taɓa ta an manta, magada biyar ne a kanta kuma ba a san wanda za a kira ba.